Ranar da na huda cikin saniyar Inna

Ko da zan manta da duk ranakun da na yi ina aikin duba lafiyar dabbobi, akwai wata Laraba guda da ba za ta taɓa fita daga raina ba. Lokacin wata huɗu ke nan da turo ni Rogo bayan na gama makaranta, ni kaɗai ce mace a ofishinmu. Takarda kam ina da ita, har da yabo a jiki. Abin da ba ni da shi shi ne zuciya. Ko akuya aka kawo tana tari sai na kira ogana na ji ta bakinsa, har ya kai yana amsa wayata da "Yau kuma wa ya yi atishawa?"

Ran nan oga ya tafi taro Kano. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya sai ga wani bafulatani a kan babur, ko kashe shi bai yi ba, ya ce saniya ce ba lafiya a rugarsu can gefen Falgore. Ya leƙa bayana yana neman namiji. Na ce ni kaɗai ce. Ya dubi sama, sannan ya ce, "To, Allah Ya sa mu dace." Na ɗauki jakata na tari ɗan acaɓa muka bi shi a baya.

Kaka ce, ana ta haƙar dankali a gonakin da ke kewaye da rugar. Muna isa na tarar da maza sun yi da'ira, saniyar na tsakiya, fara sol mai dogayen ƙaho. Ta miƙe wuya, miyau na dalala, ɓangarenta na hagu ya kumbura tim. Na ɗan buga da yatsa, ya amsa kamar ganga. Can gefe kuma wani magidanci ya duƙa yana wasa wuƙa a kan dutse.

Na durƙusa na gaida dattijon rugar. Ya amsa da mutunci, har ya tambayi gajiyar hanya, sannan ya ce, "'Yar nan, likitan yana tafe ne?"

"Ni ce, Baffa."

"Madalla," ya ce. Amma ya juya ya yi wa mai wuƙar magana da Fulatanci, sai na ji ƙarar wasawar ta ƙaru.

Na san ciwon sarai. Wani abu ne ya tokare mata maƙogwaro, iska ta taru a tumbi ta rasa hanyar fita, in aka ƙara jinkiri numfashi zai gagare ta. Maganin ma na sani, a jakata yake: wani ƙarfe mai tsini a cikin siririn bututu, da ake soka shi a kwiɓi iskar ta fita. Matsalar guda ce, sau ɗaya tak na taɓa ganin an yi, shi ma ina daga bayan ɗalibai ina ɗage. Na zaro waya na kira oga. A kashe. Na sake kira, kamar wayar za ta ji tausayina.

Baffa ya ce gara a yanka tun tana da rai, kada ta zama mushe a yi biyu babu. Ban ga laifinsa ba. Wallahi har wani sanyi na ji a raina, don in an yanka ba wanda zai ce ni na kashe ta.

Sai wata tsohuwa ta ajiye ƙwaryar da ke hannunta ta ratso cikin mazan. Matar Baffa ce, 'yar firit da ita. Ta ce, "Kafin a yanka, a tambayi mai ita. Wannan saniyar daga garken mahaifina ta fito." Ta juyo gare ni. "Ke 'yata, kin san abin da ke damunta?"

"Na sani, Inna."

"Kin san maganinsa?"

"Na sani, amma ban taɓa…"

"Ban tambaye ki abin da kika taɓa ba. Ni ma ran da na fara tatsa ban taɓa ba. In ta mutu a hannunki, tawa ce ta mutu. Yi aikinki."

Na ɗaure hijabina ta baya, na ce maza huɗu su riƙe saniyar. Muryar da ta fito daga bakina ni kaina ban san ta ba, kuma abin mamaki suka bi. Na auna wurin da tafin hannu, na aske, na goge da magani. Na yi bisimilla na soka da iya ƙarfina, na zare ƙarfen na bar bututun.

Fiiiiii! Iska ta taho da wani irin wari da ban taɓa jin kamarsa ba. Jaruman da ke riƙe da ƙaho suka kawar da kai suna salati, mai wuƙa ya ja da baya har ya yi tuntuɓe da dutsensa. Ni da ke daf da bututun na sha kaso mafi tsoka, amma ko a jikina, don ina kallon cikin yana sacewa a hankali.

Da numfashinta ya daidaita na shafa wuyanta, na ji wani dunƙule. Na yi ta turo shi sama da yatsu, aka sa mata itace a baki, na zura hannu har gwiwa. Abin da na zaro dankali ne, ƙato, ko tauna shi ba ta yi ba. Na ɗaga shi sama. Rugar ta kaure da dariya, Inna ta rangaɗa guɗa, ta dubi saniyar ta ce, "Ɓarauniya! Ashe gonar mutane kika shiga."

Na yi wa saniyar allura, na faɗa musu yadda za su kula da wurin hujin. Baffa ya raka ni har bakin hanya, ya ce, "Likita, akwai wasu maruƙa biyu da nake so ki gani ran Asabar." Inna kuwa ta cika min kwano da kindirmo, ta ce in sha a gida bayan na yi wanka, ta ƙara da cewa in yi wankan sau biyu. Ɗan acaɓan da ya mai da ni kuwa, saboda warin, duk hanya kansa na gaba kamar mai leƙen rijiya.

Labari ya zaga rugage kafin in zaga su. Bayan shekara uku na buɗe shagon magungunan dabbobi na kaina a Ƙaraye, yau makiyaya daga Kwanyawa har Kafin Dafga suna nemana, kuma mata biyu na koyon aiki a hannuna.

Abin da ranar ta koya min shi ne, da ina zaton sai tsoro ya tafi ake fara aiki, ashe aikin ne ke korar tsoron. Shi ya sa nake ce wa masu koyon nan: in kin san abu, kin san shi, ko da ba ki taɓa yi ba. Ki yi bisimilla ki soka.