Masaukin Kyauta a Gwanja

Shekarun baya can, tun gemuna bai san furfura ba, na bi ayarin fatake daga Tambuwal zuwa Gwanja sayen goro. Fitata ta farko ke nan. Jakai biyu gare ni da kayan saƙi, sai abokina mutumin Kebbe, wanda ya taɓa zuwa sau uku. Ku da kuka san ni kun san hannuna ba ya buɗuwa da sauƙi. To, a lokacin abin ya fi haka muni.

Al'adar zangon can ita ce kowane baƙo ya sauka gidan fatoma, wato mai saukar da fatake. Ya ba ka ɗaki, ya tsaya maka a ciniki, in ka sayar ya cire la'adarsa. Abokina ya kai ni wurin nasa fatoman, wani dattijo marar yawan magana. Aka kawo mana ruwa da fura a zaure, na sha har na nemi ƙari. Da na ji zancen la'ada kuwa, sai na aje ƙwaryar.

Na raɗa wa abokina, "Ni in sha rana da ƙaya wata uku, wani shi ci yana zamne? Ba da ni ba."

Ya ce, "Kai dai zamna. Nan ba Tambuwal ta ba."

Ina! Na ja jakaina na fice. A bakin kasuwa na gamu da wani mutum mai fara'a, Hausa a bakinsa tar. Ya ce yana da ɗaki a bayan gari, kyauta, ladar baƙo kawai yake nema. Daɗi kamar ya kashe ni.

Kwana biyu ina cin doya da nama. Ya kawo wanzami aka yi mini aski, ya ba ni man kaɗanya ya ce in shafe jikina duka. Ya hana ni fita, wai garin da ɓarayi. Ni kuwa ina kwance ina tausayin abokina da ake yanka da la'ada a gidan fatoma.

Rana ta uku da hantsi ya shigo da mutum biyu. Na miƙa hannu mu gaisa, ɗaya ya ƙyale hannun ya damƙi damtsena yana matsawa. Ɗayan ya kama haɓata, ya buɗe mini baki yana duba haƙora, yadda nike duba jaki a kasuwar Jabo. Wallahi har lokacin murmushi nike, na ɗauka gaisuwar ƙasar ce. Sai da na ga igiya.

Innalillahi! Na ce, "Maigida, mine ne haka?"

Ya dube ni, babu ko ɗigon fara'ar nan, ya ce, "Wa ya san ka a garin nan?"

Ashe kiwona aka yi. Mahaifiyata kawai nike gani, zaune tana jiran goron ɗanta. Suka ja ni zuwa inuwar da ake jera bayi, suka haɗa ni igiya ɗaya da wasu.

Allah da ikonsa, abokina ya gane jakina mai tsagaggen kunne a hannun dillali. Kafin azahar sai ga shi da fatoma da mutanen sarkin zango.

Dattijon ya ce, "Kwance shi. Baƙona ne."

Mai masaukin kyautar ya ce, "Ai bai kwana gidanka ba."

"Ya sha ruwana a zaurena, gaban shaidu. Ƙwarya biyu ma."

Ashe a zangon nan, duk wanda ya sha ruwan fatoma ya shiga amanarsa, in an taɓa shi an taɓa fatake gaba ɗaya. Kun ji, kwaɗayin banzan da ya kai ni ga igiya, shi ya fid da ni. Aka maido jaki ɗaya da rabin kaya. Dattijon kuwa ruwa kawai ya sake miƙo mini, na karɓa na sha.

Shi ya sa randar zaurena ba ta bushewa, kuma baƙo ba ya wuce ni bai sha ba. Arha kuwa, in ta yi yawa, gabana faɗuwa yake.

Amma ba wannan ke damuna ba. Sa'ad da ake kwance ni, mutumin da ke bayana a igiya ya matso, ya ce a hankali da Hausarmu ta gida, "Ɗan'uwa, in ka koma, ka ce ma mutanen Sanyinna ina raye."

Na koma. Na je Sanyinna ran kasuwa, na tsaya tsakiyar jama'a zan buɗe baki, sai na tuna ban tambayi sunansa ba.