Ƙwan da Ya Yi Baƙi a Hannun Kaka

A shekarar da sojoji suka miƙa mulki, Baba ya shigo gidanmu na Kakuri da wata doguwar fitilar lantarki a kafaɗa. Ogansa na masaƙa ne ya ba shi. Ƙwanta siriri kamar yatsa, halojin sunansa, ga maɓallin da ake murɗawa a rage haske ko a ƙara.

Kaka, uwar Baba, a bakin murhu ta saba yin tatsuniya a ƙauye. Mu kuwa ɗakin haya ne, ina wurin hura wuta? Da an gama cin tuwo sai ta murɗe fitilar, har ƙwan ya yi ja kamar garwashi.

"Ku matso, masu kunnen ƙashi. Ga ta nan tafe, kowa ya kama bakinsa."

Akwai labarin da ba na so. Wata mata ce da 'ya tilo. Don gudun bakin mutane ta ɓoye ta a rumbu, sai ɗan hasken da ke shiga ta tsaga. Ranar da gobara ta kama gari, uwar ta buɗe rumbu ta ce, "Gudu!" Yarinya ba ta san gudu ba, haske kuma ya rufe mata ido. A nan Kaka ke tsayawa. Sai dai ta bi mu da kallo.

Sannu a hankali ƙwan ya fara baƙi daga ciki. Malam Sani mai gyaran wuta ya duba.

"Iya, ai wannan ba lagwani ba ne. Hasken kika kashe, wutar da yake sha kaɗan ta ragu. Kuma sai ya ɗau zafi sosai yake wanke kansa. Ki riƙa sakar masa mara."

"Ɗan nan, abin da ake so ya daɗe ba a gajiyar da shi."

Ba ta sakar masa ba. Kafin damina ta fita, ana tsakiyar labarin rumbu, ya yi ƙyas, ya mutu. Mai ba da labarin ma ba ta ji darasinsa ba.

Yau ga ni da Alheri, 'yata, shekara biyar. Ban taɓa barin ta ta wuce ƙofar gida ba, saboda motoci, saboda mutane, saboda abin da ban ma san sunansa ba. Gobe za ta fara makaranta a Barnawa, mai keke zai zo ɗaukarta da safe. Ɗazu na buɗe ƙofar gida na ce, "Je ki, leƙa waje."

Ta kare idonta da hannu, ta ja baya, ta riƙe zanena.