Bokiti Uku a Ginshiƙi na Uku

Yayana Mijinyawa ya shekara arba'in yana gini a Gadarif. Kakanmu ya taso daga ƙasar Hausa a ƙafa zai je hajji, ya tsaya nan ya kama noma, nan aka haife mu. Usta ake ce wa yayan nawa, wato ƙwararren magini, ga taurin kai ba magana. In ya gama gini sai ya ƙwanƙwasa da guduma, ya kara kunne, ya ce lafiya lau. Ba mai musu.

Sai 'yarsa Manahil ta dawo daga jami'a, muhandisa, wato injiniya. Aka ba su aikin tankin ruwa a kan ginshiƙai huɗu, a farfajiyar da muke sheƙar riɗi. Ta zo da wani baƙin gari mai laushin kwalli, ta sa aka haɗa a siminti, aka binne wayoyi a ciki. Wai da zarar tsaga ta fara, wutar lantarki ba za ta ratsa wayoyin yadda ta saba ba, na'urarta za ta nuna. Ta ce, "Baba, ko moɗa ɗaya kada a ƙara ruwa, ginin zai yi rauni."

Ranar zuba ginshiƙi na uku ta tafi garin Mafaza. Kwaɓin ya yi kauri, ya ƙi bin shebur. Ina kallo Yaya ya juye ruwa bokiti uku yadda ya saba. Ya harare ni, na ja bakina. Wallahi har yau ina jin haushin kaina.

Bayan damina aka cika tankin, riɗin yankin Simsim ya fara shigowa. Mu mata goma sha biyu muna aiki a inuwarsa. Wata hantsi Manahil ta jona na'urar, sai fuskarta ta canza.

"Baba, na uku yana tsagewa daga ciki."

Ya buga guduma, ya kara kunne. "Lafiya lau."

Haitham mai wurin ya ce shi dai a faɗa masa, mata su tashi ko su zauna?

Manahil ta ce, "In kwaɓin daidai yake, to ƙila na'urar ce ta lalace. Baba, daidai yake ko?"

Ina zaune daidai gindin ginshiƙin, faifai a hannu. Tsoro nake ji, amma na ci gaba da sheƙa. Yaya ya dube ni, ya dubi tankin da ke bisa kaina.

"Na ƙara ruwa, bokiti uku," ya ce. Sai ya kira sunana, "Ummusalama, ku fita!"

Muka watse a guje, aka zubar da ruwan tankin. Da aka ɓare fuskar ginshiƙin, ga tsaga har yatsa na shiga. Da gudumar tasa ya rushe shi.

Muna hanyar gida ya ce, "Da na yi shiru, za ki faɗa?"

Na ce ban sani ba, Yaya. Kuma har yau ban sani ba.