Raƙuman Tanti Rabi

Daga Tasawa har Mayahi ba a haifi mai bakin talla irin nawa ba. Ni Idi, na sayar wa mutum bargo a tsakiyar bazara, yana zufa yana yi mini godiya. Amma ku da kuka shigo aikin nan bana, ku zauna ku ji ranar da ta ƙi fita daga raina.

A cibiyar saƙa ta mata da ke Tasawa, ni ne mai kai kaya kasuwa. Ga yadda aikin yake: a zana hoto a takarda, a zaɓi launin ulu, sannan masaƙiya ta ɗauki tsinke biyu ta bi zanen ƙulli bayan ƙulli. In an gama, Madam shugabar cibiya ta duba, ta miƙo mini.

Babbar masaƙiyarmu ita ce Tanti Rabi. Idonta ya fara rauni, ta ce saura bargo ɗaya ta ajiye tsinke, kuma tana so ya zauna a ɗakin mutunci ko bayan ranta. Tun shuka har aka ɗaure damman gero tana kansa. Ayarin raƙuma ne a kan jan rairayi, sama shuɗiya, da matasan kai biyu, kowane da hoton ɗan taguwa, wato jaririn raƙumi.

Madam ta ce, "Idi, ban da surutun nan naka."

Na ce, "Madam, surutun nan ne ke ciyar da cibiyar."

Ran kasuwar Mayahi na baza bargon. Wani dattijo mai garke, Alhaji Bubakar na garin El Allassane Maireyrey, ya tsaya yana shafawa. Nan na saki baki.

"Alhaji, waɗannan ba hoto ba ne! Jiya na ajiye dusa kusa da su, da safe babu. Wannan na gaba har cizona ya yi. Rai gare su, wallahi sai dai ba su kuka!"

Kasuwa ta kwashe da dariya. Shi bai yi ba. Ya biya ba ciniki, ya naɗe, ya tafi. Na dawo ina tafiya kamar kantoma.

Ƙa'idar cibiya ce, babban aiki a bi shi a ɗauki hotonsa a ɗakin mai shi. Tanti ta ce da ita za a je. Ta sha sabon lalle, ta ɗaura zanen salla.

Alhaji ya tarbe mu da shayi. Da na tambayi bargo, sai ya sa aka kawo wani kwando. Tulin zare ne a ciki, ja da shuɗi, a cukurkuɗe kamar saƙar gizo-gizo. Ƙafafun raƙuma kaɗai suka rage a gefe guda.

Ya ce, "Maganarka ce ta hana ni sukuni, ɗana. Ɗakin nan nake nafila. Na tambayi malam, ya ce surar mai rai in an cire mata kai, ba laifi. Sai na sa almakashi."

Shi tufafin masaƙa ya sani, wanda in ka yanka ka kalmashe baki ya zauna. Saƙar tsinke kuwa zare ɗaya ne ke riƙe da ɗan'uwansa. Ka yanke wuri guda, jikoki su ja bakin, shi ke nan.

Har ya ƙara da cewa, "Aikin naku ba shi da ƙwari."

Tanti ta matso wajen kwandon. Ta tsuguna ta tsinci kan raƙumi ɗaya da ya faɗi bayan kwandon, ta ƙulle a bakin zanenta. Ba ta sake taɓa tsinke ba.

Ku riƙe wannan: a sana'armu, hannu ya yi damina guda yana gini, baki ya rushe kafin shayi ya huce.

A mota na so in yi abin da na saba, na ce, "Tanti, ai ko banza raƙumanki sun shiga tarihi."

Ba ta ko dube ni ba. Ta ce, "Idi, ni ulu na sa musu. Kai ka sa musu rai, shi ya sa aka yanka su."