Shirun Fankar Kwamfuta

Ni mutum ne da ba ya son a tare masa hanya. Na daɗe ina tuƙin tasi a New York, kuma duk direban da ya taɓa shan gabana a layin jiran fasinja na filin jirgin saman JFK ya san muryata. A wannan layin ne ma na fara koyon rubuta manhajar kwamfuta. Sai ka yi awa biyu kana jiran jirgi ya sauka, abokan aiki suna musun ƙwallo, ni kuwa na toshe kunne ina kallon darasi a waya. Kafin wata uku na fara jin kaina. 'Yan Zango da 'yan Nijar da muke layi tare suka koma kirana Injiniya, ni kuma ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ko tsokana ce ba.

Kwamfuta ɗaya ce a gidanmu a unguwar Tremont, babba, tana kan tebur a lungun falo. Ni na saye ta, kuma ban taɓa bari a manta da hakan ba. Ni da uwargida kowa da sunansa da kalmar sirrinsa a ciki, amma ikon mai gida, wanda ke ba mutum damar taɓa komai, yana hannuna. Ita tana digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma. Abin da na sani game da karatun bai wuce biyu ba: yana cin lokaci, kuma ranar Juma'ar makon nan da tsakar rana za a rufe karɓar aikin kammalawa. In ta makara, sai ta maimaita zangon karatu guda.

Tun ƙarshen mako kwamfutar ta kama wani irin kuka. Fankarta na gurnani kamar injin markaɗe, ba hutu. Na yi mita, uwargida ta faɗi wani abu, na ce, "To, Allah ya taimaka," don abin sauraro yana kunnena.

Ranar Litinin da hantsi ta kai yara makaranta ta wuce cefane. Na zauna zan gwada ɗan shafin intanet ɗin da aka ba mu a darasi. Ina tayar da shi, kwamfuta ta ce wurin da nake nema akwai mai shi. Abin haka yake: duk manhajar da ke son a yi magana da ita sai ta tsaya a wata ƙofa mai lamba, wadda ake kira port, kuma ƙofa ɗaya ba ta ɗaukar biyu. Malamin darasin ya ce mu yi amfani da 8888. Wani ya riga ni.

Kai! A gidana? A kwamfutar da na saya da gumina?

Na buɗe baƙin allon da ake rubuta umarni, na buga lsof, wanda ke tona asirin duk wanda ya tsaya a ƙofa. Nan take ya fito da lambar aikin da ya tare min hanya, da sunan mai shi a gefe. Sunan uwargida ne. Ba zan yi ƙarya ba, na gan shi da idona. Sai na ce a raina ai halinta ne, ta bar abu a kunne kamar yadda ake barin fitilar banɗaki. Fitilar da, in za a faɗi gaskiya, ni ke barin ta.

Malamin ya koya mana hanya biyu ta korar aiki. Akwai kill zalla, wanda ke yi wa aikin sallama ya ce masa don Allah tattara kayanka ka tashi. Akwai kuma kill -9, wanda ke cin kwalarsa ya wurga shi waje ko takalmi bai ɗauka ba. Ya ja kunne cewa a fara da na farko. Ni da na saba da layin JFK, ina ni ina lallashi? Na buga mai tara.

Kwamfuta ta ƙi. Ta ce aikin ba nawa ba ne, ba ni da izini. Yau ga rashin kunya! Na sa sudo a gaba, wato kalmar da ke nufin mai gida ne ke magana, na zuba kalmar sirri, na danna da ƙarfi. Fankar ta ja dogon numfashi, ta yi ƙasa, ta yi ƙasa, ta yi tsit. Shafina ya buɗe, fari fat, da "Sannu da zuwa" a tsakiya. Na ɗauki hotonsa na tura wa mutanen layi.

Da uwargida ta dawo, ko takalmi ba ta cire ba ta tsaya cak a bakin ƙofa da ledar kayan miya a hannu.

"Malam, me ya sa kwamfutar ta yi shiru?"

"Na gyara ta," na ce, ina miƙe ƙafa. "Wani abu ne ya tare port, na kore shi. Kin ga, shi port kamar layin tasi yake..."

"Wace lamba?"

"Takwas, takwas, takwas, takwas." Kowace takwas tana fita muryata na raguwa, don na ga yadda ta ajiye ledar a hankali.

"Da me ka tsayar da shi?"

"Da kill."

"Kill kawai?" Har fuskarta ta ɗan saki.

"Da... da tara."

Ta zauna a ƙasa daɓas tana salati. Ashe gurnanin nan lissafinta ne, na aikin kammalawa. Kwana uku yake ɗauka, saura masa 'yan awoyi. Kuma ta tsara shi yadda in an yi masa sallama zai adana inda ya tsaya. Tarar da na sa ce ta hana shi.

A nan ya kamata na kama bakina. Amma sai na ji kaina ina cewa, "Au, ke ma kin san kill?"

Ta dube ni sama da ƙasa. "Injiniya, ƙofofin da ke cikin kwamfutar nan sun fi dubu sittin. Da ka ƙara ɗaya ka rubuta 8889, da shi ke nan. Ka ga sunana?"

"Na gani."

"Kwamfutar ta hana ka?"

"Ta hana."

"Sai ka sa sudo."

Borin kunya ya sa na ce ai da ta gaya min. Ta ce sau uku ta gaya min, sau uku ina cewa Allah ya taimaka. 

Ta sake tayar da lissafin daga farko. In komai ya tafi daidai, zai gama ranar Alhamis da yamma, ya rage mata 'yan awoyi ta haɗa sakamakon. In ya sake tsayawa, an gama magana. Ga shi ginin da muke ciki tsoho ne: ka kunna esi mai sanyaya ɗaki da dutsen guga tare, wuta ta ɗauke. Saboda haka na ajiye tasi na zama maigadi. Na zare esi a tsakiyar zafin nan, na ɓoye dutsen guga a saman kabad, yara suka tafi makaranta da riguna a yamutse. Mutanen layi suka kira suna tambayar ina na shige. Na ce ina kan wani babban aikin kwamfuta, kuma ban yi ƙarya ba.

Ranar Laraba ina zaune ina fifita da kwali, rabi ni rabi kwamfutar, ita kuma tana gefe tana rubutu. Sai na ce, "Wai don Allah me yake lissafawa ne haka?"

Ta ɗago. "Shekara biyu ina karatun nan, sai yau ka tambaya."

Ta ce a kan hawan jinin masu juna biyu ne, yadda za a gane shi da wuri. "Abin da ya kwantar da ni a haihuwar fari," in ji ta, ta koma kan rubutunta.

Na tuna ranar. Ina layin JFK aka kira ni daga asibiti, na tsaya a bakin ɗakin da aka shigar da ita, ina yi wa Allah alkawura iri-iri in ya bar min ita. Ita ta ɗauki wannan rana ta mayar karatu, ni ko tambaya ban yi ba. Wallahi kunyar da na ji ta fi ta ranar Litinin. Na ci gaba da fifita.

Ranar Alhamis bayan la'asar, ina zaune a wurin gadina, fankar ta ja numfashi, ta yi ƙasa, ta yi tsit.

Na zabura na ɗaga hannuwana sama. "Wallahi tallahi ban taɓa ba! Hajiya! Zo ki gani, hannuna ko kusa bai je ba! A kawo Alƙur'ani!"

Ta fito daga kicin da ludayi a hannu, ta sunkuya kan allon. Ta daɗe tana kallo, da gangan ta daɗe, ni na san halinta. Sannan ta ce, "Sauke hannunka. Gamawa ya yi." Ta fashe da dariya har da hawaye, ni kuwa sai da na nemi ruwa na sha.

Ta miƙa aikin ranar Juma'a kafin a rufe. Da na dawo daga masallaci ta ja min kujera cikin ladabi, ta ce na sa kalmar sirrina. Na sa. Ta yi 'yan rubuce-rubuce, ta ce an gama. Ikon mai gida ya koma hannunta, kuma ban yi gardama ba.

Yanzu in na buga sudo, kwamfutar da na saya da gumina sai ta ce ba na cikin masu izini. Dole na leƙa kicin na ce, "Hajiya, don Allah wani abu ya tare min ƙofa."

Ko juyowa ba ta yi. Sai ta ce, "Sunan wa ka gani a gefe?"