Kanumfarin Baba

Jiya a kasuwar Dawanau wani ya gifta ni yana ƙamshin kanumfari, sai Baba ya faɗo mini a rai. Ko a gona yana tauna shi. "Na haƙori ne," haka yake cewa.

Da aka gano ciwon daji a bakinsa da hanjinsa, likita ya ce taba da giya sukan jawo hakan. Na miƙe da fushi, na rantse da Allah bai taɓa sha ba. Baba ya jawo gefen rigata.

"Zauna. Duka biyun ina sha, likita."

Ashe kanumfarin na ɓoye warinsu ne. Abin da ke ci mini rai, sai da ya bari na gama rantsuwar.

Allah Ya gafarta masa. Ni kuma Allah Ya nuna mini ranar da zan ji ƙamshin nan ban kau da kai ba.