Mun Yi Taron Tunawa da Kawu Mainasara, Mun Hana Yara Wasa

Shekara talatin da ɗaya ke nan da muka kai kawuna Mainasara tela makwancinsa a Gaya. Allah ya jiƙansa. Na so in rubuta wannan cikin sanyin rai, amma abin da muka aikata a taron tunawa da shi makon jiya ya hana ni.

Ƙanen mahaifiyata ne, ɗinki ne sana'arsa, kuma bai taɓa taka lakwal, wato makarantar boko, ba. Da ƙasa ta samu mulkin kai, sai ya gyara filin da ke bayan shagonsa, ya haɗa ragowar ƙyallaye ya ɗinka labule, ya kafa ƙungiyar wasan kwaikwayo. Ba a biyan kowa, ba a karɓar ko dala a ƙofa. Dokarsa guda ce: kowane wasa sai an sa sabon mutum a gaba. Wanda aka yi wa tafi bara, bana shi ke jan labule.

A lokacin ina da shekara ashirin da biyu, ina fito da mutane a jirgin ruwa daga Tunuga zuwa tsallaken kogi. Wata rana na ba shi labarin wata tsohuwa da na ɗauko. Za ta je barkar haihuwar ɗiyarta, sai mai gadin iyaka ya ce ta nuna takarda, ita kuwa ba ta ma san an yi wata iyaka tsakaninta da jikanta ba. Kawu ya tsayar da keken ɗinkinsa ya ce, "Idi, ba ni za ka ba wannan labarin ba. Ka tsara shi, ka tsaya gaban mutane ka yi."

Ni mai in'ina ne, idan idanu suka yi mini yawa harshena ya kan sarƙe. Wata biyu muna gwaji. Shi yana zaune a shago yana ɗinki, yana saurare ta taga. Bai taɓa canza mini kalma ɗaya ba. Abin da kawai ya kan ce shi ne, "Ba a ji ka daga nan."

Muka yi wasan ranar kasuwa bayan la'asar. Dandawa da Zabarmawa da Fulani suka cika filin, masu kamyo, manyan motocin kaya, suka hau kan katanga. Na yi in'ina sau biyu, ba wanda ya damu, domin kusan kowa a wurin yana da dangi a tsallake.

Bayan kwana uku wani babban ma'aikaci ya kira Kawu. Shi ne ke ba shi ɗinkin kayan masinjojinsa, abin da ke ciyar da gidan. Ya ce ana biki a Doso, za a ba mu mota mu kai wasan, amma a cire wurin mai gadi, kuma Kawu da kansa ya fito a gaba, ba mai jirgi mai in'ina ba. Kawu ya ce, "Ranka ya daɗe, wasan na Idi ne. In babu shi, babu mu."

Na bi shi har gida ina roƙo. "Kawu, ka karɓa, wallahi ba zan ji haushi ba."

Ya ce, "In na karɓa, gobe wa zai ƙara kawo mini labarinsa?"

Ba mu je Doso ba. Aka karɓe ɗinkin. Shekara biyu yana facin tsofaffin riguna a bakin kasuwa, kuma ko sau ɗaya bai ta da maganar a gabana ba.

Daga wannan filin aka samu mai gabatar da shiri a rediyo, da mawaƙiya, da mutane da dama da suka iya tsayawa gaban jama'a. Mu ne muka shirya taron makon jiya. Rumfa, kujeru, lasifika, manyan riguna. Wata matashiya daga garin Bana mai suna Hadiza ta zo da abokan wasanta bakwai a kan babura, sun yi mako uku suna gwajin wasan da ta rubuta. Aka ce su jira a gama jawabai. Kowa ya tashi ya yabi yadda marigayi ke ɗaga ƙanana. Ni ma na tashi, kuma na daɗe. Har aka kira magariba, aka ce lokaci ya ƙure, a yi haƙuri.

Me Kawu zai ce da ya ga wannan? Ina jin ba zai ce komai ba, zai je ya kashe lasifikar ne. Filinsa yau ɗakin ajiyar buhunan shinkafa ne. Matasa na ɗaukar wasanninsu da waya, suna turawa duniya, amma a garinsu babu babba ɗaya da zai zauna ya saurare su har ƙarshe. Mu da Kawu ya yi asarar abincinsa don mu samu fili, mun kasa ba wasu rabin sa'a.

Na cim ma Hadiza tana ɗaure kayan wasanta a bayan babur. Na fara ba ta haƙuri, ta ce, "Ba komai, Baba, ai mun saba."

Wannan maganar ta fi zagi ciwo.

Na ce mata tsakar gidana na da faɗi, akwai tabarmi, su zo ranar Laraba, ba jawabi. Ta dube ni ta ce za ta yi shawara da sauran. Har na kammala wannan rubutu ban ji daga gare ta ba. Idan ta zo, to akwai abin da ya saura na Kawu Mainasara a garin nan. Idan ba ta zo ba, kada kowa ya ga laifinta. Mu ne muka cinye mata lokacinta, muna faɗin sunansa.